Daga Kaset Zuwa Ƙaramar Kwamfuta: Rumbun Sauti a Cikin Gida

 

Babbar Kasuwar Kaduna da ke bakin titin Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992. Akasarin mutanen Arewa da kunne suka san malamin, ba da ido ba. Daga Masallacin Sultan Bello yake tafsiri, Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryarsa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, sannan kaset ya ɗauka ya shiga da ita ɗakunan mata da motocin haya. Haka Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata suka zauna a gidajen jama'a. Kaset ya ja da baya, faifan CD ya yi zamaninsa, yau kuma matashi ne zaune da kwamfuta yana tura wa mutane karatu da waƙa a memori.

Kowane sauyi da asararsa. Zaren kaset yana narkewa a zafi, faifai yana karcewa, waya kuma ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Akwai gidaje a garin nan masu kwali cike da kaset na wa'azi, na biki, har da saƙon murya da wani kaka ya aiko daga Makka, amma babu rikodar da za ta kunna su. A kan wannan ne maganar ƙaramar kwamfuta ta taso.

Raspberry Pi sunanta. Allo ne guda wanda bai wuce tafin hannu ba, kuma komai na kwamfuta yana jikinsa. Wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila, da Eben Upton cikin jagororinta, ta fitar da shi a Fabrairun 2012 a kan dala 35, domin yara su koyi sarrafa kwamfuta. Samfuri na uku, na 2016, ya zo da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. A 2021 aka fitar da ƙaramin Zero 2 W a kan dala 15. Masu sha'awar sauti a Turai suka mayar da allon na'urar jawo kiɗa daga intanet zuwa lasifikar falo. A can data ba abin lissafi ba ce. A nan kuwa sauraron tasha mai matsakaicin inganci ta intanet yana cin kusan megabait 58 a awa guda, kuma mai gidan da ke ciyar da iyali ba zai bar wannan yana zuba daga safe zuwa dare ba. Don haka amfanin allon a Kaduna daban ne: ya zama rumbun gida, a zuba sauti a ciki, kowa ya ɗiba ba tare da an kashe ko kwabo a data ba. Magana da aka ɗauka da rabin wancan inganci tana fita tangaran, kuma memori mai gigabait 32 zai ɗauki sama da awa 1,000 nata. Tafsirin azumi na shekaru da yawa ke nan.

Haɗin ba shi da wuya. Caja, memori, wayoyin haɗi, amfilifaya da lasifika duk kayan kasuwa ne. Allon kansa, idan ba a dace da shi a shago ba, sai a yi oda. Ana sauko da manhaja ta kyauta, Volumio ko moOde ko piCorePlayer, a rubuta ta a kan memori da wata kwamfutar, a zura a allon, a kunna. Volumio a kunnawar farko yana buɗe nasa Wi-Fi, sai a shiga ta waya a nuna masa na gidan. Daga nan ba a buƙatar talabijin ko madannai. Uwargida daga tsakar gida za ta buɗe shafinsa a wayarta ta zaɓi sura, yaro daga zaure ya rage ƙara. Tsohuwar rauta marar data ta isa ta haɗa su.

Inda ake tuntuɓe shi ne wurin fitar da sauti. Ramin iyafis da ke jikin samfuri na uku da na huɗu yana aiki, amma akwai ɗan shuu a ƙarƙashin murya, wanda babbar lasifika ke tonawa. Samfuri na biyar, na 2023, da ƙaramin Zero ba su ma da ramin. Magani shi ne ƙaramin allon da ke mayar da lambobi su zama sauti, wanda ake ɗorawa a kan tsinke 40 na jikin kwamfutar, irin na kamfanin HiFiBerry, ko kuma mai arha da ake sokawa a ramin USB. Ga tsohon kaset, mai arhar ya wadatar. Tsadar na'ura ba ta ƙara wa abin da aka ɗauka a 1980 kyau.

Sai wuta, wadda ita ce babbar jarabawa a nan. Allon yana aiki da bolt 5, irin na cajar waya, sai dai samfuri na uku yana son amfiya 2.5, na huɗu kuma 3. Cajar jabu tana rubuta abin da ba ta bayarwa, sai na'ura ta riƙa sarƙewa a zargi manhaja. Mafi muni, idan aka ɗauke wuta lokacin da kwamfutar ke rubutu a memori, memorin na iya lalacewa gaba ɗaya. Shi ya sa piCorePlayer ya dace da mu: da zarar ya tashi, a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake gudana, ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa ba. Abin farin ciki, wat kaɗan allon ke ci, ƙasa da ƙwan lantarki da yawa, don haka fawa banki mai kyau ko ƙaramin sola zai riƙe shi. Memori ma akwai na jabu, mai nuna girman da ba shi da shi; a cika shi da fayil a gwada tun a gaban mai shago. A kuma sa allon a kwanso mai iska, a riƙa hure ƙurar hunturu.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na kwashe kaset. Rikoda mai lafiya, waya daga ramin iyafis ɗinta zuwa wata kwamfutar, da manhajar Audacity ta kyauta, su ne kayan aikin. Kaset mai minti 90 sai an zauna masa minti 90, babu gajeruwar hanya. Kowane fayil a rubuta masa sunan malami ko mawaƙi, da wuri, da shekara idan an sani, domin fayil mai suna lamba kawai ɓataccen abu ne ko yana nan. A kuma ajiye kwafi na biyu a wani gidan.

Nan ne sana'a take ga masu gyaran rediyo da matasan da ke turi a kasuwar nan: haɗa na'urar, kwashe kaset ɗin iyali, da gyara idan ta tsaya. Amma da sharaɗi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma tun kafin doka addini ya hana cin gumin wani. Mawaƙin da ke raye yana da iyali, wanda ya rasu yana da magada. Ladan aikin kwashe kaset ɗin mutum halak ne. Sayar da waƙar wani ba da izninsa ba abu ne daban. Kaset ɗin da ya zamo na tarihi kuwa, irin jawabin wani sarki ko karatun malamin da ba a san an ɗauka ba, ya kamata mai shi ya kai kwafi Gidan Arewa da ke nan Kaduna, inda masu bincike ke zuwa neman irinsa.