Alƙalami da Launi: Darasi daga Nunin Ayyukan Etel Adnan



Wannan lacca za ta duba tambaya guda ce: sa'ad da aka raba marubuci da harshen iyayensa, ina fasaharsa take komawa? Za a nemi amsa daga wani nuni da aka buɗe cikin Nuwamba 2021 a Cibiyar Pompidou ta birnin Metz, ƙasar Faransa, wanda ma'anar sunansa ita ce "Rubutu Zane Ne". Wadda ta kawo shawarar shirya shi kuwa ita ce Etel Adnan, mawaƙiya kuma marubuciya, wadda ta rasu a Paris ran 14 ga watan, kwanaki kaɗan bayan buɗe shi.

An haifi Adnan a Beirut cikin 1925. Mahaifinta mutumin Dimashƙa ne, hafsa a rundunar Daular Usmaniyya, mahaifiyarta kuwa Bagirkiya ce. A makarantar 'yan mishan aka koyar da ita da Faransanci, aka kuma hana yara magana da Larabci. Saboda haka ta tashi tana jin Larabci a kunne, amma alƙalaminta na Faransanci ne. Daga 1958 zuwa 1972 ta koyar da falsafa a Kalifoniya ta Amurka. A farkon wannan zama nata yaƙin neman 'yancin Aljeriya yana kan ganiyarsa, sai ta ji ƙyamar ci gaba da rubutu da harshen masu mulkin mallaka. Larabcinta kuma bai kai na tsara waƙa ba. Hausawa sun ce in hagu ta ƙi, a koma dama. Ta ajiye alƙalami, ta ɗauki launi.

Abin lura shi ne ba ta guje wa harafi ba. Ta sami wasu littattafai na Japan masu naɗewa kamar mafici, takan kwafe waƙoƙin mawaƙan Larabawa a kansu da hannunta, irin su Badr Shakir al-Sayyab na Iraƙi, sa'an nan ta zuba launi a tsakanin baitoci. Watau harshen da ta kasa tsarawa, sai ta zana shi.

A Metz an jera waɗannan littattafai tare da rubutun hannu na su Victor Hugo da Arthur Rimbaud, da kuma ayyukan masu zane na zamani kamar Louise Bourgeois da Pierre Alechinsky. Daga Afirka akwai Frédéric Bruly Bouabré na Kodebuwa, wanda ya ƙago wa harshen Bete alamomin rubutu fiye da 400. Irin wannan jeri gwaji ne mai tsanani. Zanen marubuci, in an rataye shi shi kaɗai, yakan ci albarkacin sunan mai shi. Amma in yana kusa da na gwanaye, dole ya tsaya da ƙafarsa. Na Adnan ya tsaya, gama tun 2012 aka shaida gwanintarta a babban nunin Documenta na Jamus, tana da shekara 87.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka shi ne sau da yawa yakan yi masa zayyana, allon sauka kuma rubutu ne da ado a kan itace guda. Zuwan boko da injin ɗab'i ne ya sa aka fara ɗaukar harafi tamkar jakin dako, wanda ba a duban surarsa sai kayan da ya ɗauko.

Don haka ya wajaba ga ɗalibin adabi ya nazarci hannun marubucin ajami kamar yadda yake nazarin karin waƙarsa. Ma'aikatan da aka danƙa wa amanar tsofaffin takardu kuwa, su sani kwafe matani cikin boko bai wadatar ba. In gara ta cinye asalin takardar, rabin fasahar ya tafi ke nan.