Lissafin Musayar Ƙoda: Lacca Kan Binciken Farfesa Alvin Roth

An nemi mu yi magana kan amfanin binciken jami'a ga jama'a. Da muka duba, sai muka ga gara mu ɗauki bincike ɗaya tak mu bi shi daga tushe, da mu yi ta shawagi tsakanin fannoni. Wanda muka zaɓa kuwa shi ne na Farfesa Alvin Roth, Ba'amurke, wanda bai taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, amma lissafinsa ya taimaka wa dubban masu ciwon ƙoda suka sami dashe.

Shi Roth ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Stanford cikin shekarar 1974, a fannin lissafin tsara ayyuka. Wannan ilmi ya bunƙasa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hafsoshi suka rasa yadda za su raba jiragen ruwa da mai da abinci ba tare da ɓarna ba. Tambayarsa kullum guda ce, watau ga kaya kaɗan, ga mabukata da yawa, wace hanyar rabo ce ta fi kowacce amfani?

To, mu dubi yadda ta shafi ƙoda. Mutum yana da ƙoda biyu, kuma mai lafiya yana iya ba da ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda nasa duka biyun suka daina aiki kuwa, sai dai wankin ƙoda, galibi sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, ko kuma dashe. Tun shekarar 1954 likita Joseph Murray ya yi nasarar dashen ƙoda tsakanin wasu tagwaye a birnin Boston. Amma fa ba kowace ƙoda ce jiki ke karɓa ba. Mai rukunin jini O yana iya ba kowa, shi kuwa ba ya karɓa sai daga mai O irinsa. Har ila yau, jinin majiyyaci yakan ƙunshi sojojin kariya da za su far wa naman wani mutum takamaimai, kuma abin tausayi, matar da ta haihu takan sami irin wannan kariya a kan naman mijinta saboda cikin da ta ɗauka. Sai a tarar ga miji ya yarda da zuciya ɗaya ya ba matarsa, likita ya ce ba hali. Dā can, irin wannan mutum sallamarsa ake yi ya koma gida, matar ta shiga layin jiran ƙodar mamaci. A Amurka, cikin shekarar 2023, kimanin mutum 90,000 ke kan wannan layi.

Sayen ƙoda kuwa haramun ne a dokar Amurka tun 1984, haka yake a kusan duk duniya in ban da Iran, haka kuma dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta tanada. Tun da ba kuɗi a tsakani, abin da ya rage shi ne ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda: mai bayarwa na wannan gida ya ba majiyyacin wancan gida, na wancan ya ba na wannan. Ba Roth ne ya ƙago wannan dabara ba, kuma wajibi ne mu faɗi haka. Likita Felix Rapaport ya kawo shawararta a 1986, likitocin Koriya ta Kudu suka fara aikata ta a 1991, aka yi ta farko a Amurka a shekarar 2000. Sai dai jifa-jifa ake yi, in an yi katari gida biyu sun haɗu a asibiti ɗaya.

A shekarar 2004 ne Roth, yana Jami'ar Harvard, tare da wasu masana biyu 'yan asalin Turkiyya, Tayfun Sonmez da Utku Unver, suka buga maƙalarsu kan musayar ƙoda a mujallar Quarterly Journal of Economics. Sun ɗora ta kan wani tsohon nazari na Lloyd Shapley da Herbert Scarf na 1974, wanda ya duba yadda masu gidaje za su yi musayar gidajensu ba da kuɗi ba. Shekara talatin wannan nazari yana kwance kamar wasan ƙwaƙwalwa kawai. Masu cewa duk binciken da ba a ga amfaninsa bana ba ɓarnar kuɗin gwamnati ne, sai su riƙe wannan.

Ga inda lissafi ya shigo. Alal misali, a ce gida huɗu ne. Na ɗaya ya dace da na biyu, na biyu ya dace da na uku, na uku ya dace da na huɗu, ba wata dacewa bayan wannan. In likita ya yi gaggawa ya haɗa na biyu da na uku, domin su ya fara gani, mutum biyu sun sami ƙoda, na ɗaya da na huɗu sun tashi a tutar babu. In kuwa ya dubi jerin duka, ya haɗa na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu, mutum huɗu sun samu. Likitan bai yi kuskuren tiyata ko ɗaya ba, amma ya yi asarar dashe biyu. Da gida huɗu ana iya yin wannan a kan allo. Da gida 1,000 fa? In musayar gida bibbiyu ce, akwai hanyar lissafi mai sauri da Jack Edmonds ya fitar tun 1965. Amma Roth da abokansa sun nuna a 2007 cewa in aka yarda da zagayen gida uku, watau na ɗaya ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, na uku ya mayar wa na ɗaya, yawan dashen yana ƙaruwa ƙwarai. A cikin gida 1,000 kuwa, hanyoyin zaɓo uku-uku sun haura miliyan 166. Nan sai da masana kwamfuta na Jami'ar Carnegie Mellon suka sa hannu, a wannan shekara ta 2007.

Me ya hana a yi zagayen gida goma? Amana ce ta hana. Doka ba ta tilasta wa kowa cika alkawarin ba da ƙoda. In aka yi wa matar wani dashe yau, gobe mijin ya ce ya fasa, ɗaya gidan ya yi biyu babu: sun ba da ƙodarsu, ba su sami komai ba, kuma ba su da abin musaya nan gaba. Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san wannan tsoro, na mai kwasar farko da ke ɓacewa in zubi ya zagayo. Saboda haka ake yin tiyatar duka a lokaci guda. Gida biyu, ɗakin tiyata huɗu da ayarin likitoci huɗu. Gida uku, shida. Asibiti nawa ne zai iya fiye da haka?

Mafitar da aka samu ita ce, a ganinmu, mafi daɗin ji a duk labarin. Akan sami mutumin da zai ba da ƙodarsa ga kowa ma, ba don wani nasa ba. In aka fara da shi, sai ya zamanto kowane gida ya karɓa tukuna kafin ya bayar. Ko wani ya saɓa alkawari a tsakiya, sarƙar ce ta tsinke, amma ba gidan da ya rasa mai bayarwarsa, don haka ba dole a yi tiyata rana ɗaya ba. Likita Michael Rees na birnin Toledo ya gwada haka daga watan Yuli na 2007, aka yi dashe 10 cikin wata 8, shi da Roth da wasu suka ba da rahoto a mujallar New England Journal of Medicine a 2009. A shekarar 2011 wata sarƙa ta haɗa mutum 60, ƙoda 30, a asibitoci 17 cikin jihohi 11. Ƙodar ce ma ke yin tafiyar, cikin akwatin ƙanƙara, a jirgin saman fasinja, ana lissafin awowin da za ta jure a waje. A 2012 Roth da Shapley suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki, kuma a 2021 dashen da aka yi ta hanyar musaya a Amurka ya haura 1,000.

Kada mu ɗauka komai ya tafi sumul. Roth da Itai Ashlagi sun nuna cewa asibitoci sukan ɓoye gidajen da ke da sauƙin haɗawa su yi musu aiki a cikin gida, su aika wa babbar rajista masu wuya kaɗai, abin da ke rage dashen ƙasa baki ɗaya. Ku da za ku zama manyan ma'aikata gobe, kun san wannan hali na kowace ma'aikata ta rungume fayil ɗinta.

Akwai kuma taƙaddamar da ta fi kusa da mu. A 2017 Rees da Roth suka buga shawarar a kawo gida daga ƙasa matalauciya, wanda ba shi da kuɗin dashe, a sa shi cikin sarƙar Amurka, a biya aikinsa daga rarar kuɗin wankin ƙoda da aka huta da shi. An fara gwadawa da wasu ma'aurata daga Filifin. Likita Francis Delmonico, wanda da shi aka kafa shirin musayar farko a yankin Boston, yana cikin waɗanda suka yi tir da abin, suna ganin ƙofa ce ta fataucin sassan jikin talakawa. Mu dai ba mu ga laifin ceton ran da talauci zai kashe ba. Abin da muke tambaya shi ne, wa zai tsaya wa majiyyacin kan maganin hana jiki ƙin ƙodar, wanda zai sha muddin ransa, bayan ya koma ƙasarsa shekara goma, kuma wa zai duba lafiyar wanda aka cire wa? In babu amsa a rubuce, da kuɗi a ajiye, ba mu goyon baya.

A nan gida, an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002. Likitocin fiɗa muna da su. Musaya kuwa tana bukatar rajista guda da za a rubuta kowane gidan da aka ce bai dace ba, da ɗakin gwajin nama abin dogara, da yarjejeniya tsakanin asibitoci. Wata cibiyar ƙoda a birnin Ahmedabad na Indiya ta yi ɗaruruwan irin wannan dashe da rajistarta ita kaɗai. Aikin rajista kuwa na masu lissafi ne da masu kwamfuta da ma'aikatan mulki, kuma muna ganin da yawansu a zaune a wannan zaure.

Shugaban taro, mun ga ana nuna mana agogo. Sauran lokacin na masu tambaya ne.