Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Zane da Wasan Kwaikwayo, Samaru

 

Shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamanin Sarki, shugabannin tsangaya da na sassa, malamai, dagatai da masu unguwanni na Samaru da Bomo da suka amsa gayyata, iyayenmu maza da mata, sai ku 'ya'yana da aka taru dominku, barkanku da ganin wannan rana.

Na san a cikin iyayen da ke zaune nan akwai wanda jikinsa ya yi sanyi ran da ɗansa ya ce zane zai karanta, ko wasan kwaikwayo. Ban ga laifinsa ba, kowa yana so ya ga ɗansa da abin yi. Amma Baba, bari in gaya maka gidan da yaron nan ya shiga.

Tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962 ake koyar da zane a nan, a tsohuwar kwalejin da jami'ar ta gada. A 1958 wasu ɗalibanta, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Yawancin malamansu Turawa ne, tsarin karatun ma daga Ingila aka kawo shi. Samarin nan suka ce sun yarda su koyi riƙon buroshi da haɗin launi, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Okeke ya koma ya duƙufa a kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya fitar da salo daga cikinsa. Yau duk wanda zai rubuta tarihin zanen zamani a Afirka sai ya biyo ta Samaru.

A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a sashen Turanci. Dandalin da aka yi wa ɗaliban wasan kwaikwayo, wanda kuka sha zufa a cikinsa, Steven Ehrlich ne ya tsara shi, amma maginan gargajiya ne suka ɗora shi da ƙasa, suka yi masa ado a bango. Ba abin mamaki ba ne a garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda masallacin Juma'ar da ya gina a cikin birni ake zuwa kallo har gobe.

Daga wannan dandali aka fita ƙauye. A 1977, lokacin da gwamnati ke ta shelar ciyar da ƙasa, aka kai Wasan Manoma Soba, daga baya aka je Maska da Bomo, aka kuma shiga lungunan Samaru. Su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun ba wannan aiki ƙuruciyarsu. Ku dubi yadda ake yinsa. Ɗalibi zai sauka a gari, ya gaida mai gari, ya zauna a gindin bishiya ko bakin rijiya yana sauraro. Wannan ya ce taki bai iso ba sai da damina ta yi nisa, wancan ya ce an karɓe masa gona, mata su ce ruwan sha ne damuwarsu. Da dare a haɗa wasa daga abin da aka ji. Washegari a ƙofar fada, ana tsakiyar wasan sai a tsaya, a tambayi jama'a ko haka abin yake. Sai ka ga dattijo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya shigo fili ya nuna yadda mai rabon takin yake magana da talaka. A nan take ɗalibi ya san abin da takardar tambayoyi ba za ta taɓa gaya masa ba, don mutum yakan nuna a wasa abin da yake tsoron faɗa da baki. A shekarun nan ne Ngugi wa Thiong'o ke irin wannan aiki da manoman Kamiriithu a Kenya, har ya kai shi gidan yari. Ashe masu mulki sun san nauyin abin.

Haka batun waƙa. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta yafa wa Shata rigar dakta. Ranar nan jami'a ta amsa a bainar jama'a cewa ilimin da ke bakin makaɗi ilimi ne.

To 'ya'yana, ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. Duk kundin da kuka rubuta, da ilimin wani kuka rubuta shi. Mai kalangu ne ya bar sabgarsa ya zauna da ku. Tsohuwa ce ta tuno muku waƙar daɓe da ta niƙa. Yaran unguwa ne suka maimaita muku tashe ba a cikin azumi ba. Da yawansu ba su san abin da aka rubuta a kansu ba, don an rubuta da Turanci, an ɗaure da baƙar fata, an jera a kanta. Wannan yana damuna ƙwarai. Wanda ya ba ku ilimi, in ya yarda, ku sa sunansa da garinsa a cikin aikin, kada ya zama "wani makaɗi". Ku mayar masa da kwafin muryarsa da hotonsa, 'ya'yansa su gada. Ku taƙaita abin da kuka gano da Hausa, ku je ku karanta masa, in kun yi kuskure ya gyara muku.

Kuma kada ku ɗauka sai an yi doguwar tafiya ake samun abin bincike. Ku hau mota ku sauka Sabon Gari. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya garin nan ke tara harsuna da kaɗe-kaɗe. Ga masu rubuta allon shago, ga masu zanen bayan manyan motoci, ga maɗinkan da ke fitar da aska takwas a wuyan riga, ga samari a ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa suna haɗa kalangu da kwamfuta. Ku tambaye su wa ya koya musu, nawa suke samu, me ya sauya a sana'ar.

Ga hukumar jami'a da masu hannu da shuni da ke wannan zaure, roƙona ɗaya ne. Akwai kasakasai da hotunan da malamai da ɗalibai suka ɗauko shekara da shekaru, zafi da ƙura suna cinye su. A ware kuɗi a juye su cikin na'ura tun muryoyin suna fita, a buɗe wa kowa ya saurara.

Ina taya ku murna, ku da iyayenku da malamanku. Allah ya sa albarka a karatun nan, ya ba ku abin yi na halal, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.