Me Ya Sa Taransifoma Ke Ƙonewa Bayan Magariba?

 Yau daga gida nake magana, nan Ƙofa ta Bebeji.

Bara da bazara taransifomar unguwarmu ta ƙone. Mun daɗe cikin duhu, sai da aka yi karo-karo gida-gida. Kowa na ta zagin masu wuta, har da ni. Amma da na tuna daren, sai jikina ya yi sanyi. An kawo wuta bayan magariba, yara suka sa ihu, nan take na jona dutsen guga, matar yayana ta tsoma hita a bokiti, mai walda ya tayar, masu ƙanƙara suka kunna firiza. Duk cikin minti biyar fa! Ko jaki ka labta wa kaya haka, sai ya durƙushe.

Kun ga, wutar layi ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Abin da muke ja yanzu, yanzu ake samar da shi. Kuma ba mu kaɗai ke wannan rububin ba. A Ingila, 1990, da aka tashi daga wasansu da Jamus ta Yamma a kofin duniya, jama'a suka ruga dafa shayi lokaci guda, buƙata ta ƙaru da megawat 2,800. Tashar wutar dam ɗin Tiga da ke nan kusa da mu, megawat 10 ce kacal.

To su yaya suke yi? Suna hasashen lokacin cunkoso, su tanadi wuta kafin ya zo. Sannan akwai mita mai wayo, wadda ke lissafa abin da ka sha sa'a-sa'a. Tsakar dare wuta ta yi araha, da yamma ta yi tsada, sai mutum da kansa ya ɗage wanki da guga.

Mu kuwa, ko tsarin Band A na Afrilun 2024, da ya kai yunit naira 225, yawan awannin da ake ba ka wuta yake dubawa. Bai damu da ƙarfe nawa ka kunna hita ba. Kuma gaskiya, wanda bai san yaushe za a ɗauke ba, da wuya ka ce masa ya jira.

Duk da haka mun zauna da mai unguwa. Mai walda ya yarda ya bar aikin dare, ni kuma guga sai bayan asuba, in an wayi gari da ita. Ku faɗa min a ƙasa, ku yaya kuke yi a unguwarku?