Dutsen Washi Da Lambar Da Ke Jikinsa

 Maganarmu ta yau a kan dutsen washi ce. Kowane mai gida ya san ranar da aka ce masa wuƙa ta dakushe, ga nama a gaba, ga baƙi suna jira. Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, gama sai an danna ta da ƙarfi, in kuwa ta zame sai a yatsa. Ranar layya kuma, wuƙar da ba ta ci ita ke wahal da dabba.

A da, mutum yakan tsinci dutse a bakin rafi, ya shafa da hannu ya ji kaushinsa. Irin wannan dutse ba shi da lamba. Amma a shekarar 1891 wani mutumin Amurka, wai shi Edward Acheson, ya gano hanyar dafa wani gari mai tsananin tauri da wutar lantarki. Da wannan gari da makamantansa ake cura yawancin duwatsun kanti. To, tun da yanzu kun iya karatu, in kun ɗauki dutse a kanti za ku ga lamba a jikinsa ko a kwalinsa, 220, ko 1000, ko 6000. Ga ma'anarta.

Ku dubi mace mai tankaɗe. Rariya mai manyan ƙofofi tsaki take zubarwa, mai ƙananan ƙofofi kuwa gari mai laushi. Haka ake tankaɗe garin dutse. Asalin lambar nan ƙidayar ƙofofin rariya ce a tsawon inci ɗaya. In ƙofofi sun yi yawa, sun ƙanƙance ke nan. Saboda haka ƙaramar lamba dutse ne mai kaushi, babbar lamba kuwa mai laushi.

Duwatsun nan iri uku ne. Na fari, daga 120 zuwa 400. Wannan shi ne mai cin ƙarfe da sauri. Aikinsa gyaran wuƙar da ta yi giɓi, ko wadda bakinta ya mutu sarai. Kowa ya riƙa ɗora wuƙarsa a kansa kullum, ba da daɗewa ba za ta sirance kamar tsinke.

Na biyu, daga 800 zuwa 2000. Wannan shi ke ba wuƙa kaifi, shi ne kuma dutsen yau da kullum.

Na uku, daga 3000 zuwa 8000. Shi kuwa ba ya cin ƙarfe sai kaɗan. Aikinsa share zanen da na biyu ya bari, har baki ya yi ƙyalli kamar madubi. Wanzami da askarsa su ke da bukatarsa.

Nan fa mutane da yawa suke hasara. Mutum ya ga 6000 ta fi 1000 yawa, ya ce lalle ta fi ta kyau, ya ba da kuɗi mai yawa. Ya zo gida ya yini yana gogawa, wuƙa ta yi sheƙi, amma ta ƙi yanka ko albasa. Ba laifin dutse ba ne. Ba a maimai sai an yi firi. Bayan haka kuma, wuƙar girki tana son 'yan haƙora ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su ke kama fatar tumatir da jijiyar nama. Dutsen 1000 yana barin su.

Sai ku lura kuma, ƙidayar ƙasashe ba ɗaya ba ce, kamar yadda mudun wani gari ya bambanta da na wani. Lambobin da na faɗa muku na Japan ne. A ƙidayar ƙasashen Turai akan sa harafin F gaban lamba. F 500 ya yi kusa da 1000 na Japan, F 1000 kuwa ya yi kusa da 3000. Kada ku gwada lamba da lamba sai kun san ƙidayarsu ɗaya ce.

To, in dutse ɗaya za ka saya, sayi 1000. In da hali, nemi mai fuska biyu, 400 da 1000. In na ruwa ne, jiƙa shi har ya daina fitar da kumfa. In na mai ne, ɗiga masa mai kaɗan. Tsai da wuƙa a miƙe bisa dutse, kwantar da ita rabi, sa'an nan ka ƙara kwantar da ita rabin abin da ya rage. A haka za ka riƙa gogawa. In ka ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, tun daga ƙota har tsini, juya ka wasa wancan gefe. Kada ka shafa yatsa bisa tsawon kaifi.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a.