Wanda ya kira ƙwace "haraji" ya naɗa ɓarawo sarki

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa masu rubutu da ɗalibai a Sabon Garin Gusau.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da aya ta 104 a Suratul Baƙara, inda Allah ya hana muminai ce wa Annabi "ra'ina", ya umurce su da "unzurna". Ya ce ma'anonin biyu makusanta ne, amma maƙiya a Madina suna karkatar da ta farko zuwa zagi. Ashe zaɓen kalma ma ibada ne.

Daga nan Malam ya dawo gida Zamfara. Ya ce da farko "ɓarayin shanu" ake cewa, aka koma "'yan bindiga", sai a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Mutanen ba su canza ba, amma kowane suna da irin hukuncin da yake jawo musu.

Ya ce idan aka tilasta wa manomin Tsafe ko na Bunguɗu ya biya kuɗi kafin ya girbe gonarsa, marubuci ya kira wannan "haraji", to ya naɗa ɓarawo sarki, domin hukuma ce ke karɓar haraji. Sunansa ƙwace. Haka idan aka rubuta "an rasa rayuka", an ɓoye makashin, kamar ruwa ne ya ci su. A ce "an kashe su."

Sai dai Malam ya ja kunnen 'yan uwa da kakkausar murya a kan masu cewa "Fulani sun kai hari". Ya ce wannan zalunci ne, domin an ɗora laifin wasu a kan al'umma guda, alhali Bafulatanin da aka kore wa shanu shi ma wanda aka zalunta ne. Irin wannan kalma tana iya sa a zubar da jinin mara laifi a kasuwa, kuma marubucin yana da kamasho.

A ƙarshe ya ce magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga a takarda. Kafin ɗan uwa ya rubuta, ya tambayi kansa: wa kalmar nan ta wanke, wa ta shafa wa kashin kaji? Za a tambaye shi gobe kiyama.

Aka rufe da addu'ar Allah ya kawo mana zaman lafiya.