Mu Ceto Labarin Narambaɗa Tun Da Sauran Shaidu



A 1958 an tara makaɗan jaz 57 a unguwar Harlem ta Amurka, aka ɗauke su hoto guda. A 1994 hoton nan ya haifi fim sukutum, waɗanda suka rage da rai suka ba da labarinsu.

To, mu fa? Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ɗan Tubali ne, nan kusa. Kakata ta gan shi da idonta, ta rasu ban ɗauki maganarta ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Ina roƙon ƙungiya ta sayi kyamara, mu bi dattawan Isa da Bafarawa kafin damina. Mai tsohon hoto a adaka, don Allah ya kawo.